Inji Na Bakwai

Ranar Litinin da safe ɗaliban cibiyar koyon sana'a suka tarar da ɗakin kwamfuta a buɗe, gilashin tagar baya a farfashe, Malama kuma a durƙushe gaban inji na bakwai, ta buɗe cikinsa tana lalube da yatsa. Ba a ɗauki inji ko ɗaya ba, duk sha biyun suna nan a jere a kan teburansu. Abin da aka ɗauka bai fi farcen babban yatsa ba, wato ɗan katin da injin ke tashi da shi, sai kuma ɗan'uwansa da ta kwafa ta ajiye a durowar teburinta.

Wanda bai san labarin injinan ba zai ce asarar ba ta taka kara ta karya ba. Shekara shida da suka wuce wata ƙungiya ta raba irinsu kyauta ga cibiyoyi da dama. Ƙwaƙwalwarsu ba irin ta kwamfutocin da aka saba gani ba ce, don haka manhajar da kowa ya sani ta ƙi hawa kansu. Injiniya, shugaban sashen fasaha na cibiyar, ya yi wata guda yana fama da su, daga ƙarshe ya rubuta rahoto cewa ba su da amfani. A kan wannan rahoto aka tura su sito, a nan da sauran cibiyoyin. Malama, wadda tsohuwar ɗalibarsa ce, ita ta fito da su ta kakkaɓe. Shekara uku ta yi tana lallaɓa wata manhaja mai suna Linux ta zauna a kansu. Sai da ta yi wata takwas kafin allo ya nuna komai, sannan ta sha wahalar sauti, sannan intanet, sannan ta gyara maɓallan rubutu har suna fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Duk wannan aiki yana cikin katin inji na bakwai. Ranar Alhamis jami'an hukumar da ke kula da cibiyoyin za su zo su gani da idonsu.

Kafin azahar kowa ya gama yanke hukunci cewa mai gadi ne. Mai sayar da ruwa a bakin titi ta ce ranar Asabar da rana ta ga ƙofar cibiyar babu kowa. Shugabar cibiya ta dakatar da shi nan take, ta ce idan katin bai fito ba zuwa Laraba za ta miƙa shi ga 'yan sanda. Injiniya ne ya roƙe ta ta dakata, ya ce yana da aboki wanda ba a ɓoye masa sawu.

Baba Sawu ake ce wa abokin. Shekara ashirin da biyar ya yi yana gadin daji, yana bin ɓarayin dabbobi da masu sare itatuwa, kuma tun da ya ajiye aiki mutane ke zuwa ɗaukarsa idan an yi musu ɓarna. Shi da Injiniya sun haura shekara talatin tare, kowa ya halarci sunan 'ya'yan ɗan'uwansa. A mota Injiniya ya ba shi labarin duka, ya ce a ganinsa abin bai wuce mutum biyu ba, ko mai gadi, ko Dogo mai gyaran kwamfuta da ke tsallaken titi, wataƙila ma haɗa baki suka yi.

"Kai dai ka duba mini tagar nan da bayan katanga, mutumina," in ji shi. "Cikin ɗakin ba abin da za ka gane, wayoyi ne kawai."

Baba Sawu ya fara da bayan katangar kamar yadda aka ce masa. Ƙasar wurin mai laushi ce, kuma babu komai a kanta sai sawun kyanwa da na kaji. Fasassun gilashin kusan duk a waje suka zube, ɗan kaɗan ne a ciki. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsu, sannan ya zagayo ya ce a buɗe masa ɗakin.

Ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa ta gefen da haske ke faɗowa. Sha ɗaya suna da siririyar ƙurar kwana uku, ba wanda ya taɓa su. Babu wata alama a jikin na bakwai da ta bambanta shi da sauran, amma wanda ya shigo kansa ya nufa kai tsaye. Malama ta ce ta tarar da murfin a rufe, sukurori huɗun duk a ɗaure, an kuma kashe soket a bango. Sai ya tambaye ta ko haka take barin kujerarta da ke gaban injin. Ta duba, ta ce a'a. Ita gajera ce, kullum kujerar a matse take da tebur, ƙafarta a kan ɗan katakon da ta ajiye a ƙasa. Yanzu kujerar ta ja baya sosai, an kuma ture katakon gefe.

"Ɗiyata, wanda ya shigo nan zama ya yi," in ji Baba Sawu. "Kuma dogo ne."

Injiniya, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce ai ga shi nan, shi ma Dogo ya zarga tun farko.

Mai gadi yana zaune a kan benci a ɗan ɗakinsa na bakin get, an karɓe masa makullai da tocila. Guntun mutum ne, da ƙyar zai kai kafaɗar Baba Sawu. Da farko ya ce bai je ko'ina ba ranar Asabar. Baba Sawu bai musa masa ba, ya dai zauna kusa da shi ya tambaye shi lafiyar iyali. Nan mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce matarsa ce numfashinta ya sarƙe, ya kai ta asibiti daga ƙarfe biyu zuwa huɗu da rabi, ga ma katin asibitin a aljihunsa. Da aka tambaye shi wa ya san ya tafi, sai ya hau murza hularsa.

"Baba, laifin barin ƙofa nawa ne, na ɗauka," in ji shi. "Kada a ja wani ciki."

Baba Sawu ya ga alamar akwai maganar da ya danne, amma ya san irin waɗannan mutane, idan aka matsa musu ƙara rufewa suke. Ya bar shi.

Shagon Dogo cike yake da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Bai ɓoye cewa sun taɓa yin cacar baki da Malama ba. Ya so a sayar masa da injinan ya fasa ya cire kayan ciki, ita ta hana, har ya ce mata tana wanke gawa ne tana sa mata turare. Amma ranar Asabar, in ji shi, tun safe har yamma yana shago da masu jiran gyara, ga tela maƙwabcinsa shaida. Ya ƙara da cewa katin ba shi da amfani a wurinsa, don duk shagon babu injin da zai tashi da shi.

Baba Sawu ya tambaye shi, da shi ne ɓarawon, yaya zai yi. Dogo ya yi dariya ya ce fisge waya zai yi, ya ɓalle murfi, ya zare kati, kafin a ƙirga ashirin ya fice. Sai kuma ya tsaya ya tambaya ko injin a kunne yake. Baba Sawu ya ce Malama ta bar shi yana wani aiki na ƙarshe tun Juma'a, saboda injin yana da nawa, sai ya kwana biyu yana abin da wani zai yi a awa uku.

"To, a nan take," in ji Dogo. "Irin injinan nan idan ka yanke musu wuta suna tsakiyar rubutu, katin lalacewa yake. Ba su da maɓallin kashewa na kirki. Dole ka zauna, ka shiga da suna da kalmar sirri, ka ba shi umarni ya kashe kansa. Wanda ya yi wannan wahalar, Baba, da rai yake son katin."

Tela ya tabbatar da maganar Dogo, har ya ce rediyon Dogo ya hana shi sakat yinin ranar. Baba Sawu ya tsallako titi a hankali. Ɓarawon dogo ne, ya san wane inji ne a cikin sha biyu, ya san durowa, ya fasa taga daga ciki, kuma yana da hanyar shiga injin. Wani tunani ya zo masa a tsakiyar titi, ya kore shi, ya ji kunyar kansa ma da ya yi shi.

Da yamma ya sami Malama ita kaɗai a ɗakin, ta zuba wa allon da ba ya nuna komai ido. Ya tambaye ta ko injin yana riƙe sawun wanda ya zauna a gabansa, kamar yadda ƙasa ke riƙewa. Ta ce yana rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, amma ai rubutun ya tafi da katin. Ba ta rufe baki ba sai ta miƙe tsaye. Watan jiya, in ji ta, ta lura yawan rubutu yana cinye katin, sai ta mayar da wannan rajistar kan babban faifan da ke cikin injin. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta ɗauke shi abin faɗa ba. Faifan kuwa yana nan, ba a taɓa shi ba. A gida tana da wani tsohon kati na bara, babu sauti babu intanet a kansa, amma zai tayar da injin.

Washegari da sassafe ta zo da shi. Baba Sawu ya ce kada ta kira kowa tukuna. Ta sa katin, ta kunna, fararen rubutu suka yi ta gudu a kan baƙin allo. Ta buga wasu kalmomi, layuka suka fito, ta bi su da yatsa har ƙasa. A layin ƙarshe yatsanta ya tsaya. Ya tambaye ta me ta gani.

Ta ce ranar Asabar, ƙarfe uku saura kwata, an shiga da sunan "malam", bayan minti shida aka kashe injin.

Sannan ta ba shi labarin sunan, muryarta ƙasa-ƙasa. Ranar da allon ya fara nuna hoto, shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce, da gudu ta je ofishin Injiniya ta jawo shi. Don girmamawa ta buɗe masa ƙofar shiga tasa, mai cikakken iko irin nata, ta juya baya ya buga kalmar sirrin da ya zaɓa da hannunsa. Ya yi mata dariya a ranar, ya ce ta dai yi ta wasa da tarkace. Tun daga nan bai sake shiga ba, kuma ita kanta ba ta san kalmar ba.

Baba Sawu ya ce ta sake karanta masa layin. Ta sake. Ya nemi kujera ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya tambaye ta ko inji yana kuskure. Ta ce ta fi kowa son a ce kuskure ne. Mutumin nan, in ji ta, shi ya roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi karatun fasaha, shi ya kawo ta aiki nan.

Ranar Laraba da ƙarfe goma Baba Sawu ya tara su a ɗakin kwamfuta: Shugaba, Injiniya, Malama, mai gadi da Dogo. Ɗalibai suka cika baranda suna leƙe, Shugaba ta sa aka rufe ƙofa. Ya fara da taga, ya nuna musu cewa daga ciki aka fasa ta kuma ba wanda ya taka bayan katanga. Ya nuna kujera, ya ce mai gadi ya zauna a kai, hannun mutumin bai ko kai maɓallan rubutu ba. Ya ce Dogo yana da shaida. Sannan ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambayar ko sun taɓa zama gaban inji na bakwai. Da ya zo kan Injiniya bai dube shi ba, tebur yake kallo.

Injiniya ya ce shi rabonsa da taɓa injinan nan tun ranar da Malama ta jawo shi ya gani, kowa ma ya san ra'ayinsa a kansu.

Baba Sawu ya yi wa Malama alama. Ta juyo da allon, ta karanta layin da ƙarfi. Injiniya ya yi murmushi ya ce ai kowa zai iya shiga da sunan wani. Dogo ya ce ba tare da kalmar sirri ba, a'a. Shugaba ta tambayi Malama wa ya san kalmar, ta ce wanda ya zaɓe ta kaɗai.

A nan ne mai gadi ya ɗago kai. Ya ce ranar Asabar da aka kira shi a waya kan matarsa, Injiniya ya shigo ɗaukar wasu takardu. Shi ya ce masa ya tafi, zai tsare masa ƙofa, ya karɓi makullai, ya kuma ce kada ya gaya wa kowa don kada Shugaba ta yi musu faɗa su biyu.

"Yallaɓai, kwana biyu ina zaune ana ce mini ɓarawo," in ji shi. "Na yi shiru ne don kada a ce ka yi sakaci da ƙofa. Na ɗauka rufa mini asiri ka yi."

Sai Injiniya ya ciro gidan tabarau daga aljihun rigarsa, ya buɗe, ya zare ɗan ƙyallen goge gilashi. Katunan biyu suna naɗe a ciki. Ya ajiye su a kan tebur.

Da Shugaba ta matsa masa, ya faɗi sauran. Wata biyu da suka wuce hukuma ta rubuto masa tana tambayar yadda aka yi injinan da ya ce matattu ne suke aiki, alhali a kan rahotonsa aka jibge ɗaruruwa a sito shekara shida. Saura masa wata takwas ya yi ritaya. Sai ya amsa musu cewa shi ne ya ci gaba da bincike a ɓoye har ya gano hanya, kuma zai kawo musu aikin hedikwata da kansa. Da ya ji jami'ai za su zo ranar Alhamis su ga Malama tana nunawa, ya san ƙaryarsa ta ƙare. Niyyarsa ziyarar ta watse, bayan wata guda ya kai katin a matsayin nasa. Game da mai gadi kuwa, ya ce ya yi niyyar nema masa wani aikin daga baya.

Ya juya ga Malama ya ce ta tuna shi ya koya mata riƙe sukudireba, duk abin da ta sani daga hannunsa ya fito. Ta buɗe jakarta ta ciro rahoton da ta shirya wa jami'an, ta buɗe shafin farko ta tura gabansa. Sunansa ne a sama, nata a ƙasa.

"Tun watan jiya na buga shi, Malam," in ji ta. "Ranar Alhamis na so ka gani a gaban mutane."

Ya kalli takardar bai taɓa ta ba. Ta janye abarta, ta mayar jaka.

Baba Sawu ya ce shi tambaya ɗaya ta rage masa. Duk garin nan, me ya sa shi aka je aka ɗauko? Injiniya ya ce don ya yarda da shi ne. Baba Sawu ya girgiza kai.

"Ka ɗauko ni ne don ka san ban san kwamfuta ba, kuma idan na ce mai gadi ne, ba wanda zai musa," in ji shi. "Da bakina ka so a ɗaure bawan Allahn nan."

Injiniya ya ce, "Mutumina," sai Baba Sawu ya ɗauki hularsa ya fita. A ƙafa ya koma gida, tafiyar kusan awa guda.

Ranar Alhamis, bayan Malama ta kwafa wa kowane inji katinsa, guda goma suka tashi lafiya a gaban jami'ai, ɗaya ya tashi babu sauti, ɗaya ya ƙi sam, Malama ta ce a ba ta mako guda. Rahoton da ta miƙa sunanta kaɗai ke kai, ta sake buga shafin farko da safiyar ranar. Shugaba ta mayar wa mai gadi makullansa, ta ba shi haƙuri a gaban ɗalibai, mai sayar da ruwa kuma ta yi kwana uku tana kauce wa bakin get. Ba a kai maganar ga 'yan sanda ba, Malama ce ta roƙa. Injiniya ya ajiye aiki a ƙarshen watan, ba a yi masa taron sallama ba.

Bayan kamar mako uku Baba Sawu ya dawo daga kasuwa da rana, ya ga sawu a ƙofar gidansa. Bai buƙaci sunkuyawa ba, ya san takun Injiniya ne. Mutumin ya ajiye mota nesa, ya tako har bakin dakali, ya tsaya. Daga yadda ƙasar ta lotsa, ya daɗe a tsaye, ya sauya ƙafa sau da yawa. Ya matsa taku ɗaya zuwa ƙofa, sannan ya juya ya koma. Matar Baba Sawu ta ce ita ba ta ji an yi sallama ba, ta tambaye shi ko zai bi bayansa ya ji abin da ya kawo shi.

Ya ce a'a, ya miƙa mata cefanen, ya ce ta ba shi ruwa ya sha.